Canza kirank ɗin keken tsere: tambayoyi da amsoshi

Kaɗan ne daga cikin masu keken tsere a garuruwanmu suka ciro nasu sabo daga kwali. Galibi na hannu ne, ɗan Beljiyam, wanda wani can a Turai ya haɗa daidai tsawon ƙafarsa da irin hanyoyin garinsu. To ba a jimawa sai maganar kirank ta taso: ko ya yi nauyin takawa, ko yana kuka, ko haƙora sun cinye, ko kuma mai keke ya hango na abokinsa yana sheƙi ransa ya biya. Ga tambayoyin da aka fi yi mini.

Wane ɓangare ne ake kira kirank?

Hannuwa biyu da ake ɗaura feda a jikinsu, da farantai masu haƙora da kaca ke hawa, da sandar tsakiya wadda ta ratsa gindin firam ta haɗa hannun dama da na hagu. Sandar tana juyawa ne a cikin gidan boris, wato gidan 'yan ƙwallayen ƙarfe da ke sa ta juya da santsi. Shi gidan boris daban ake sayar da shi, amma shi da kirank hanta da jini ne, ba a zancen ɗaya a bar ɗaya.

Kekena yana ƙara duk sanda na taka da ƙarfi. Kirank ne ya mutu?

Da wuya. Firam bututu ne, ƙara tana bin cikinsa, sai ka rantse daga ƙarƙashin ƙafarka take fitowa alhali sirdi ne ko makullin tayar baya. Miƙe tsaye ka taka. In ƙarar ta ɗauke, to sirdi ne ko sandarsa. In tana nan, kwance feda biyun ka shafa musu giris ka mayar, ka bi notocin faranti ɗaya bayan ɗaya, ka ƙara matse tayar baya. Sai bayan nan ka sauke kaca daga faranti ka juya kirank da hannu. In ka ji gurji kamar akwai yashi a ciki, ko ka kama hannu ka girgiza shi ka ji yana wasa, boris ne suka gaji. Gidan boris za ka canza, kuɗinsa kuwa ko kusa da na kirank bai kai ba. Na sha ganin wanda ya sayi sabon kirank saboda ƙara, ya fita gwaji ƙarar tana nan daram, ashe feda ce.

Yaya zan gane faranti ya cinye?

Ko a sabon faranti haƙora ba su zama daidai ba. Wasu gajeru ne, wasu an fere su da gangan don kaca ta sami wurin hawa lokacin canjin giya, kada ka ɗauka karyewa suka yi. Cinyewa ita ce haƙora su yi tsini su ranƙwafa gefe guda kamar ƙaya, ko ka ja kaca daga gaban faranti ka ga haske tsakaninsu, ko sabuwar kaca ta riƙa tsalle in ka danna.

Abin da ke cin faranti kuwa tsohuwar kaca ce. Mai giya 11 ko 12 a tayar baya ya canza kaca da zarar ta miƙe da kashi 0.5 cikin ɗari, mai 10 zuwa ƙasa zai iya kaiwa 0.75. Akwai ɗan ƙarfen awo da ake yi don wannan, ba shi da tsada. Wanda ke canza kaca a kan lokaci, faranti ɗaya zai binne masa kaca da yawa.

Ba zan iya canza farantin kawai in bar hannuwan ba?

Za ka iya, kuma sau da yawa shi ne daidai. Sharaɗin shi ne da'irar da notocin faranti suke zaune a kai ta zo ɗaya. A tsofaffin kirank masu noti biyar, biyu ne suka fi yawa: milimita 130 da milimita 110. Tsofaffin na kamfanin Campagnolo 135 ne, su dama ba sa shiri da kowa. In ba a rubuta a jikin farantin ba, auna daga tsakiyar noti zuwa tsakiyar na kusa da shi: milimita 76.4 na nufin 130, milimita 64.7 na nufin 110.

Ga inda abin yake cizo. Mai 130 ba ya karɓar ƙaramin faranti da ya gaza haƙora 38, don haka mai son ya sauko 34 dole ya canza kirank ɗin ɗungurungum. Tun daga kirank ɗin Dura-Ace 9000 da ya fito a 2012, kamfanin Shimano ya koma noti huɗu a kan 110, waɗanda tazararsu ba ɗaya ba ce, kuma hannu ɗaya yana ɗaukar 53/39 da 52/36 da 50/34, wato yawan haƙoran babban faranti da na ƙarami. Mai irin wannan ya huta, amma ya nemi farantin da aka yi wa zubin kirank ɗinsa.

Na ga wani kirank mai kyau a kasuwa. Ta yaya zan san zai shiga kekena?

Wannan ce uwar tambayoyin, kuma a nan kuɗin mutane suka fi ƙonewa. Ba kai ke fara zaɓa ba, firam ne. Kifa keken ka dubi bututun da sandar tsakiya ta ratsa.

In ka ga wasu kofuna biyu a waje masu tsaga-tsaga inda sipana ke kamawa, ko kuma zobe mai haƙora ta ciki ya zagaye sandar, to ramin mai tiredi ne, wato murɗa gidan boris ake yi kamar noti. Auna faɗin bututun. Milimita 68 zubin Ingila ne, wanda ake rubutawa BSA, shi ya fi yawa nesa ba kusa ba, kuma mai shi ya yi sa'a domin kusan kowane kirank yana da gidan boris da zai zauna a ciki. Milimita 70 zubin Italiya ne, ana samunsa a kekunan can irin Pinarello da tsofaffin Colnago. Akwai kuma T47 a wasu sababbin kekuna, shi ma murɗawa ake yi amma raminsa ya fi faɗi.

In ba ka ga wurin kama sipana ba, to dannawa aka yi. Nan ma gida-gida ne. BB86 raminsa milimita 41 ne, faɗinsa 86.5. BB30, wanda Cannondale ta ƙirƙiro, raminsa 42, faɗi 68. PF30 raminsa 46. Trek tana da nata BB90, Cervélo tana da BBright. A ido duk kamar ɗaya ne, bambancin milimita ɗaya kuwa ya isa ya sa abu ya ƙi shiga ko ya shiga yana rawa.

Sai kaurin sandar kirank ɗin da kake son saya. Na Shimano na zamani, Hollowtech II, milimita 24 ne. Tsohon na kamfanin SRAM, GXP, 24 ne a dama 22 a hagu, shi ya sa ba ya zama a gidan boris na Shimano ko da ya yi kamar zai zauna. Sabon nasu, DUB, kusan 29 ne. FSA da Rotor da Cannondale suna da masu 30. Aikinka shi ne ka nemo gidan boris da bayansa ya dace da ramin firam, cikinsa kuma ya dace da sanda. Siririyar sanda a babban rami ba matsala ba ce, akwai gidajen boris da aka yi don haka. Akasin haka ne ba na so: sanda mai 30 a ramin BB86 tana shiga, amma wurin da ya rage wa boris ɗan kaɗan ne, sai a sa ƙanana, su kuwa ba sa jure ƙura.

Tsofaffin kekuna kuma sandarsu a jikin gidan boris take, bakinta mai kusurwa huɗu, ko mai tsaga takwas na Shimano da ake kira Octalink, ko mai tsaga goma, ISIS. A mai kusurwa huɗu tsawon sanda yana da muhimmanci, kuma kirank ne ke faɗin tsawon da yake so, 107 ne ko 113 ko 118. In ta yi gajarta faranti zai gogi firam, in ta yi tsawo kaca za ta karkace giya ta ƙi shiga. Mai tsohon firam na BSA da ke son ya rabu da wannan lissafi sai ya cire tsohon gidan boris gaba ɗaya ya sa kofunan Hollowtech II da kirank ɗinsu. Cikin duk gyaran da ake yi wa tsohon keke, wannan na cikin waɗanda kuɗinsu ba ya ciwo.

53/39, 52/36 ko 50/34: wanne zan ɗauka?

Lambar farko haƙoran babban faranti ne, ta biyu na ƙarami. Yawancin 'yan Beljiyam da suka kwana biyu da 53/39 suke zuwa, domin a zamaninsu abin da ake sa wa kowa ke nan, ɗan tsere da wanda ba ɗan tsere ba.

Mu yi lissafi. Taya mai lamba 700x25 tana cin kusan mita 2.1 a juyi ɗaya. Da 53 a gaba da 11 a baya, in kana juya ƙafa sau 90 a minti, gudunka ya kusa kilomita 55 a awa. Da 50 a gaba, kusan 52. Ka tambayi kanka tsakani da Allah sau nawa a wata kake kai 52 a miƙaƙƙiyar hanya har ka ji giya ta ƙare maka. Yanzu juyo ɗaya gefen. Da 39 a gaba da 28 a baya, kowane juyin ƙafa sai ka tura keke mita 2.9. Da 34, mita 2.6 bai cika ba. A takarda kamar ba komai, amma a tsakiyar Hawan Kibo kan hanyar Jos, ko a hawa-hawan da ke kewayen Abuja da rana tsaka, wannan tazarar ce tsakanin mai takawa da mai saukowa ya tura.

Don haka ni 50/34 nake ba kusan kowa shawara. Mai zama Kano ko Maraɗi ko Maiduguri, inda ƙasa take a shimfiɗe kamar tabarma, kuma yana fita da ayarin masu gudu, 52/36 zai yi masa. Amma ko a can akwai iskar hunturu, wadda in ta tare ka gaba da gaba ba ta da maraba da tudu.

Akwai masu ganin ƙaramin faranti na rago ne. A gasar tseren keke ta Tour de France ta 2003, Ba'amurke Tyler Hamilton ya karya ƙashin kafaɗa tun a farkon gasar, ba ya iya miƙewa ya ja kan keke da ƙarfi, sai aka sa masa kirank mai ƙananan farantai na FSA, ya ƙare a na huɗu. Daga nan ne irin wannan kirank ya fara shiga idon jama'a.

Kafin ka canza kirank saboda hawa, duba bayan keken tukuna. In babban haƙorin baya 23 ne ko 25, sauya kaset, wato jerin farantan giyar baya, zuwa mai 28, ko 32 in masauyin kaca na baya zai ɗauka, ya fi arha kuma wataƙila ya wadatar.

Tsawon hannun kirank fa? Na ji ana ta zancen gajere.

An buga tsawon a bayan hannu, kusa da ramin feda: 165, 170, 172.5 ko 175. Masu haɗa keke suna bin girman firam ne kawai, babban firam dogon hannu. Da can ana cewa dogon hannu ya fi ba da ƙarfi. Yanzu ra'ayi ya juya, musamman tun da Tadej Pogačar, mai tsawon mita 1.76, ya cinye gasar Giro d'Italia da ta Tour de France a 2024 da hannu mai 165.

Ba cewa na yi gajeren hannu zai mai da kai Pogačar ba. Abin da yake yi shi ne, idan feda ta zo can sama gwiwa ba ta lanƙwashewa sosai, cinya ba ta dannan ciki, sai mutum ya iya sunkuyawa yana numfashi. Wanda gaban gwiwarsa ke ciwo, ko ƙugunsa ke rausaya a kan sirdi, ko gajeren mutum da ya gaji keken dogon Bature mai 175, shi ne zai fi jin bambanci. Wanda ba abin da ke damunsa ya bar nasa. In ka rage milimita 5, ɗaga sirdi milimita 5, don ƙafa ta miƙe a ƙasa yadda ta saba. Kuma in za ka sayi na hannu, duba hannuwan biyu. Ba sau ɗaya ba na tarar da 170 a dama 172.5 a hagu.

Giyar bayana 10 ce. Kirank na masu 11 zai yi?

Galibi yana yi, tazarar mataki ɗaya ba ta cika kawo rigima ba. In tazarar ta yi yawa ne ake samun matsala: siririyar kacar 11 a kan kirank na 8 tana iya faɗawa tsakanin farantai biyu ta maƙale, kakkaurar kacar 8 a kan na 11 kuma ta riƙa gogar babban faranti. A jerin Shimano, Claris 8 ne, Sora 9, Tiagra ya daɗe a 10, sai 105 da Ultegra da Dura-Ace da suka daɗe a 11 kafin su koma 12. Mai SRAM na giya 12 ya tsaya a farantan gidansu, domin kacarsu daban ce.

In na tashi daga 105 zuwa Ultegra ko Dura-Ace, gudu zai ƙaru?

A'a. Tsakanin 105 R7000 da Ultegra R8000 bambancin nauyi kusan giram 40 ne, bai kai ƙwan kaza ɗaya ba. Har zuwa Dura-Ace kusan giram 100 ne, makurwa uku ko huɗu daga gorar ruwanka. Daga tsohon kirank mai kusurwa huɗu zuwa Tiagra ko 105, nan kam za ka ji canjin giya ya yi santsi, taku ya yi tauri. Daga 105 zuwa sama kuwa ado kake saya, in kana da hali ba laifi, amma ka san abin da ka saya. Kuɗin in an zuba su a tayoyi masu kyau, tun fitar farko za a ji su.

Abu ɗaya da zan yarda a kashe wa kuɗi shi ne kirank mai na'urar awon ƙarfin taku, ga wanda yake atisaye da tsari. Mai arha a hannun hagu kawai yake aunawa ya ninka biyu, ga mafi yawan mutane kuma hakan ya isa.

Me zan duba a kirank na hannu?

Tiredin ramin feda, ka murɗa feda a ciki ka ji ta shiga lafiya. Tsaga a kewayen ramin feda da inda hannu ya haɗu da sanda. In na kabon ne, duba ko ƙarfen da feda ke shiga yana motsi a cikin hannun, in yana motsi bar shi.

Sai wani abu da duk mai sayen ɗan Beljiyam ya kamata ya sani. A watan Satumba na 2023 aka yi shelar janye kirank ɗin Shimano kimanin 760,000 a Amurka da Kanada, bayan rahotanni 4,519 na rabewa. Waɗanda abin ya shafa su ne Ultegra FC-6800 da FC-R8000, da Dura-Ace FC-9000 da FC-R9100 da FC-R9100-P, waɗanda aka ƙera kafin Yulin 2019. Hannuwan nan ɓari biyu ne aka manne da gam, in danshi ya shiga sai mannin ya saki. Lambar samfurin tana bayan hannu, tare da wasu haruffa biyu da ke nuna lokacin ƙira. Irin waɗannan kekuna su ne yanzu suke sauka a kasuwanninmu, don haka wanke kirank ɗin tas, cire kaca, ka bi layin mannin da fitila. In ka ga ya buɗe baki, ko tsatsa tana fitowa, ko wani ɓari ya ɗaga, kada ka hau. 105 ba ya cikin wannan shela, wani dalilin ke nan da nake yawan tura mutane gare shi.

Zan iya ɗaurawa da kaina?

In Hollowtech II ne a firam mai tiredi, ƙwarai kuwa. Fara cire feda tun kirank yana jikin keke. Nan ne sabon shiga yake ɓarna, domin fedar hagu tiredinta a juye yake. Riƙe wannan: in sipana tana tsaye sama, feda biyun ta bayan keke ake tura su su kwance, kofunan BSA biyun kuma ta gaban keke. Na Italiya ne ya fita daban, kofunansa biyu kamar noti na kullum suke.

Sassauta notoci biyu na hannun hagu da alanki mai lamba 5, kwance murfin robar da ke tsakiya, ɗaga 'yar farar ko baƙar robar tsaro da ke cikin tsagar, zare hannun, ka bugi sandar da tafin hannu ta fita ta dama. Wajen mayarwa shafa wa sanda giris. Murfin robar ba ɗauri ba ne, aikinsa ya kawar da wasa kawai, da 'yan yatsu ake matse shi, in ka danne shi boris za su mutu da wuri. Mayar da robar tsaro, sannan ka ɗaure notocin biyu bi da bi, wannan kaɗan wancan kaɗan, har 12 zuwa 14 Nm (Nm ma'aunin ƙarfin ɗauri ne). Kofuna 35 zuwa 50 Nm. In da hali a yi da sipana mai awon ƙarfin ɗauri.

Mai kusurwa huɗu yana buƙatar ƙarfen zaro kirank, kuma a murɗa shi ya shige har ƙarshe kafin a fara ja, in ba haka ba ya taho da tiredin. Bayan fita biyu ko uku a sake duba notin. Hannun da aka taka yana sako-sako raminsa ya buɗe ke nan, ba ya sake kamawa.

Na dannawa kuwa, kai wa mai kayan aikinsa. Masu gyaranmu da yawa a kan Raleigh da Phoenix suka koyi sana'a, inda ƙusar ƙarfe ke riƙe kirank kuma guduma ce maganinta. Gwanaye ne a nasu fannin, amma in ka ga an ɗauko guduma da kurfi an nufi firam ɗin kabon, ka ce, "Maigida, a dakata," ka ɗauki kekenka.

Na ɗaura, amma giyar gaba ta rikice. Me na manta?

Masauyin kaca na gaba. In ka sauko daga 53 zuwa 50 dole shi ma ya sauko, tazararsa da saman haƙoran babban faranti ta zama milimita 1 zuwa 3, ya kuma miƙe daidai da farantin. A wasu tsofaffin firam maƙalinsa a like yake kuma ba ya saukowa sosai, wannan abin dubawa ne tun kafin saye. Daga nan a sake saita waya da notocin iyaka biyu. Kaca ma wataƙila ta yi tsawo, a rage mata. Galibin masauyan gaba bambancin haƙora 16 suke ɗauka tsakanin farantai biyu, shi ya sa 50 ke tafiya da 34, 52 da 36. Masu haɗa 53 da 34 don su ci riba biyu, kaca ce ke zube musu a gindin tudu.

Kekena mai faranti uku ne. In mai da shi biyu, ko ma ɗaya?

In yana aiki, bar shi. Mai 50/39/30 ya fi kowa sauƙin hawa, kuma komawa biyu yakan ja canjin masauyin gaba, wani lokaci har da hannun giya. Faranti ɗaya yana yi a shimfiɗaɗɗiyar ƙasa, amma sai da irin farantin da haƙoransa suke kauri da siriri bi da bi, in ba haka ba kaca za ta riƙa faɗuwa. Mai kwaɗayin 46/30 na Shimano GRX ya sani farantansa sun fito waje da milimita 2.5, sai da masauyin gaba na GRX.

Ta yaya zai daɗe a wannan ƙurar tamu?

Kada ka kai keke wurin wankin mota a sa masa ruwan inji. Ƙarfin ruwan yana tura ƙura ta wuce robar boris ya wanke giris ɗin ciki, bayan sati biyu gurji ya fara. Bokiti da soso sun isa. Da hunturu a sa wa kaca man da ke bushewa, a goge na waje da tsumma, domin baƙin man inji yashi yake tarawa ya zama kamar dutsen wasa wuƙa a kan faranti. Sau biyu a shekara, ƙarshen hunturu da ƙarshen damina, zare kirank ka goge sanda ka sake mata giris. In ka zare, leƙa ƙarƙashin bututun: yawancin firam suna da ɗan rami a wurin don ruwan da ya shiga ta sandar sirdi ya fita, kuma laka takan toshe shi. Tsinken sakace ya isa ya buɗe shi.